Ciwon sirdi a doguwar tafiyar keke ba dole bane, kuma tarin soso ba shine maganinsa ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya tare da sauran ma'aikatan wannan jarida tamu. Dan Allah ina roƙon ka bani fili in yi magana a kan wani abu da masu hawan keke suke fama dashi amma da wuya kaji wani ya buɗe baki ya faɗa, wato ciwon mazaunai da na matse-matsi da mutum yake kwasowa in yayi doguwar tafiya a kan keke. Kullum likitoci suna cewa a motsa jiki, hawan keke yana da amfani ga zuciya da masu suga da masu hawan jini, kuma gaskiya ne, amma abin da yake damuna shine mutum zai samu keke da murnarsa yayi tafiya biyu ko uku masu ɗan nisa ya dawo ko zama baya iya yi da kyau, daga nan sai ya jingine keken yace shi kam bazai iya ba. Alhali ƙafarsa bata gaza ba numfashinsa bai gaza ba, sirdi ne kawai ya kore shi, kuma da yake wurin da ciwon yake wuri ne na kunya bazai tambayi kowa ba. Na daɗe ina hawan keke ina kuma bibiyar abin da masana harkar suke faɗa, shi yasa nake so in gaya wa 'yan uwana cewa yawancin wannan ciwon yana da dalili sananne kuma ana gyara shi, sau da yawa ma da sifana ko alanki kawai ba tare da an sayi komai ba.

Abu na farko da kusan kowa yake yi in sirdi ya dame shi shine ya nemo wani ƙato mai faɗi mai laushi, ko ya ɗaura soso a kan wanda yake dashi, ko ya saka masa rigar nan mai jel a ciki. In tafiyar ta minti goma ce ko sha biyar ba laifi, zaka ji daɗi. Amma in zaka yi awa biyu uku huɗu a kai to wallahi sau da yawa shi laushin ne zai cuce ka, ga dalili. A ƙasan ƙugun mutum akwai ƙasusuwa guda biyu masu ɗan tsini, in ka zauna a kan tafin hannunka a benci zaka ji su suna danna maka yatsu, su Allah ya yi domin ɗaukar nauyin mai zama. Tsakaninsu kuma, daga dubura zuwa gaba, nama ne mai laushi wanda jijiyoyin jini da jijiyoyin da suke kai ji zuwa al'aura suke bi ta cikinsa, wannan wurin ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba sam. To ka danna yatsu biyu a kan katifa mai laushi ka duba yadda yatsun suke nutsewa tsakiyarsu kuma ya taso, haka yake faruwa a kan sirdi mai tarin soso, ƙasusuwan su nutse ƙasa soson tsakiya ya taso ya tokare wurin da bai kamata a tokare ba, sannan faɗin da yayi yawa yana gugar cinya duk juyin feda, ga zufa da soson yake riƙewa. Shi yasa zaka ga masu tseren Tour de France, wato gasar keke ta zagayen ƙasar Faransa, da suke yin sama da kilomita 3,000 a cikin sati uku suna zaune a kan siririn sirdi mai ɗan tauri, ba son wahala suke ba, sun san inda nauyi ya kamata ya sauka ne.

Amma kada a fahimce ni ba daidai ba, ban ce kowa yaje ya ɗaura sirdin 'yan tsere ba. Yadda kake zama a kan keken shi yake yanke irin sirdin da ya dace da kai. Wanda kekensa irin na zama a miƙe ne, baya a tsaye kai a sama, kusan duk nauyinsa a baya yake sauka inda ƙasusuwan suka fi buɗewa, shi sirdi mai faɗi ya dace dashi, in da sifirin a ƙarƙashi ma yafi. Wanda yake sunkuyawa gaba kuma ƙugunsa yana juyawa gaba, wurin da yake taɓa sirdi ya matse, shi siriri ne zai yi masa. Abin da nake ƙi shine a ɗauka laushi shine daɗi.

Sannan ya kamata mutum ya tsaya ya gane wane irin ciwo ne ma yake damunsa, domin ba iri ɗaya bane kuma maganinsu ba ɗaya bane. Akwai tsamin da kake ji a kan su ƙasusuwan zaman kamar an ɗan doke ka, wannan na sabon shiga ne ko wanda ya daɗe bai hau ba, yana raguwa da kansa cikin 'yan makonni in kana hawa kaɗan kaɗan kana ba jiki hutu, kuma ma alama ce cewa nauyin yana sauka inda ya dace. Akwai na fata, wato gogewa da salewa da ƙuraje da maruru a matse-matsi, wannan daga gogayya da zufa da datti yake zuwa. Akwai kuma na ukun wanda shi nafi tsoro, wato gaban mutum yayi dindiris kamar ba a jikinsa yake ba ko ya riƙa jin tsira-tsira kamar ana soka masa allura, wannan ba abin da za a ce a daure a saba dashi bane, jijiya ce aka danne jini kuma baya wucewa yadda ya kamata. Hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta yi nazari a kan 'yan sandan da suke sintiri a kan keke awanni da yawa a rana, ta ga wannan matsalar har tana taɓa ƙarfin namiji, kuma a 2009 ta fitar da shawarar cewa masu irin wannan aikin su gwada sirdi marar dogon hanci. Ba ina faɗar wannan don in tsorata kowa ya bar keke bane, amfanin keke ga lafiya yafi haɗarin yawa nesa ba kusa ba, amma mai jin dindiris ya sani jikinsa magana yake masa.

To kafin a je ga sayen sabon sirdi a fara da tsayin wanda ake dashi, domin a nan mafi yawan matsalar take. In sirdi yayi sama da yawa ƙafarka bata kaiwa ƙasan feda sai ka karkata ƙugu, dama hagu dama hagu, duk juyi ɗaya kana goga kanka a kan sirdin, ka lissafa mai juya feda sau 80 a minti, a awa ɗaya ya juya sau 4,800 kenan, wace fata ce zata jure wannan gugar na awa uku? In kuma yayi ƙasa da yawa ƙafafunka basa ɗaukar rabonsu na nauyi sai ka zube gaba ɗaya a kan mazaunai, ga ciwon gwiwa ta gaba da zai biyo baya. Hanya mafi sauƙi ta gwadawa itace ka jingina da bango ko wani ya riƙe maka keken, ka zauna daidai, ka ɗora dunduniyarka a kan feda ka juya ta zuwa can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. In ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar yadda ake tuƙi sai kaga gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, masu auna wannan abin suna cewa tsakanin digiri 25 zuwa 35. Mai son lissafi kuma akwai wani lissafi da aka fi sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau uku, ka tsaya ba takalmi ka auna daga matse-matsinka zuwa ƙasa ka ninka da 0.883, abin da ya fito shine nisan daga tsakiyar inda hannun feda yake juyawa zuwa saman sirdi, misali mai santimita 80 zai samu kusan santimita 70 da rabi. Wurin farawa ne dai ba hukunci ba, jikin kowa daban. Kuma dan Allah a lura da layin da aka zana a jikin sandar da take riƙe da sirdi, kada a zaro ta ta wuce wannan layin, tana iya karyewa ko ta fasa firam, in sai ka wuce layin kake samun tsayinka to keken ne yayi maka kaɗan.

Wani abin da yake sa mutane su bar sirdi a ƙasa shine suna so in sun tsaya tafin ƙafarsu biyu ya taka ƙasa suna zaune. Na gane tsoron faɗuwa ne, amma sirdin da yake daidai don tuƙi yawanci yatsun ƙafa kawai zai bari su taɓa ƙasa, in zaka tsaya sai ka zamo gaba ka sauko daga kansa.

Bayan tsayi sai karkata. Ka ajiye keken a wuri mai daidai ka ɗora katako ko littafi mai tauri a kan sirdin ka duba, a fara dashi a kwance ba gaba ba baya. In hancin ya ɗaga sama ko kaɗan ne zai tokare maka tsakiya, shine babban mai kawo dindiris ɗin nan. Da yawa in sun ji haka sai su dukar da hancin ƙasa sosai, nan ma wata matsalar ce domin zaka riƙa zamewa gaba kana tura kanka baya da hannu, tafin hannu ya mutu kafaɗa da wuya su ƙage, kuma ƙarshenta a kan siririn wurin sirdin zaka ƙare zama. Digiri ɗaya ko biyu zuwa ƙasa yana isar mutane da yawa. Kuma kada a raina wannan 'yar karkatar, hukumar tseren keke ta duniya UCI a da dokarta bata yarda sirdi ya karkata fiye da kusan digiri 3 ba, sai da aka kai mata bayanai a kan raunukan da 'yan tsere suke samu musamman mata 'yan tawagar Birtaniya, sannan daga 2016 ta sassauta zuwa digiri 9. Kaga har dokar duniya sai da aka canza saboda wannan ciwon da mu muke ɓoyewa.

Sirdi yana kuma matsawa gaba da baya a kan ƙarafa biyun nan na ƙarƙashinsa, kuma nisan kan keke, wato wurin da ake riƙewa da hannu, daga sirdi yana da nasa tasirin. In kan keken yayi maka nisa ko yayi ƙasa sosai dole ka miƙa jiki, ƙugu ya kife gaba, nauyi ya bar ƙasusuwan zama ya koma kan nama mai laushi, ko kuma ka riƙa jan jiki zuwa hancin sirdi ba tare da ka sani ba. In ka lura kullum a bakin sirdi kake tsintar kanka to kafin ka zargi sirdin ka duba ko kan keken ne yake buƙatar a ɗaga shi ko a matso dashi kusa. Abin da zan roƙa a nan shine a riƙa canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma kaɗan kaɗan, milimita 3 zuwa 5, ka manna salatif a inda yake da farko ko ka rubuta awon a takarda, kayi tafiya ko biyu ka ji yadda jiki ya karɓa sannan ka sake taɓawa. Wanda ya kwance tsayi da karkata da kan keke duk a rana ɗaya ko ya samu sauƙi bazai san me ya gyara ba, in kuma abin ya ƙaru bazai san inda zai koma ba.

In duk an yi wannan ciwon bai tafi ba to yanzu ne maganar canza sirdi ta taso, kuma ko a nan ba da ido ake zaɓa ba. Ka samu kwali irin mai ramuka a ciki ka ɗora a kan benci ko matakala mai tauri, ka zauna da wando marar kauri ka ɗan sunkuya gaba kamar yadda kake yi a kan keke ka ɗaga ƙafafu kaɗan don nauyi ya sauka, in ka tashi zaka ga gurbi biyu, ka auna daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan. Yawancin mutane suna faɗawa tsakanin santimita 10 zuwa 14. Sai ka ƙara kamar santimita 2 a kai, shine kusan faɗin sirdin da zaka nema, shi yasa kamfanoni suke yin samfuri ɗaya a faɗi daban daban kamar milimita 143 da 155. Kuma abin lura, wannan awon ba ruwansa da ƙiba ko rama, zaka samu siririn mutum mai buɗaɗɗen ƙugu ka samu mai jiki da ƙasusuwansa suke kusa da juna. Sirdin da yayi maka siriri da yawa ƙasusuwan suna zubowa ta gefensa ne sai tsakiya ya ɗauki kaya. Mai fama da dindiris ya gwada irin wanda aka fafe tsakiyarsa ko aka yi masa kwari a tsakiya, yana taimakon mutane da yawa, sai dai ba kowa ba, wani gefen ramin ne zai dame shi, don haka in akwai halin aron na aboki a gwada kafin a saya yafi.

Ina da ra'ayi mai kyau a kan sirdin fata ga mai doguwar tafiya, irin wanda kamfanin Brooks na Ingila yake yi tun ƙarni na 19, samfurinsu B17 ya haura shekara ɗari ana yinsa kuma har yau masu zagaye ƙasashe a kan keke suna nemansa. Ranar farko zaka ji shi da tauri ƙwarai, amma fatar a rataye take tsakanin gaba da baya ba a kan roba take ba, a hankali tana lotsawa daidai inda ƙasusuwanka suke har ta ɗauki siffarka, kuma tana da santsi bata kama wando. Sharaɗinsa shine a kare shi daga ruwa, a riƙa shafa masa man fata jefi jefi, kuma kada a yawaita ɗaure notin da yake ƙarƙashin hancinsa. Yana da nauyi kuma yana son haƙuri, ba kowa zai so shi ba.

Yanzu maganar fata, wadda ita ce tafi kwantar da mutane. Kada wani ya ɗauka ƙurjin sirdi ciwon rago ne. Eddy Merckx ɗan Beljiyam wanda ya ci Tour de France sau biyar bai shiga gasar 1976 ba saboda irin wannan ciwon da sai da aka yi masa aiki. Sean Kelly ɗan Ireland shine yake kan gaba a gasar zagayen Sifen ta 1987 saura 'yan kwanaki a gama dole ya janye saboda ƙurjin da ya ruɓe masa. Laurent Fignon ɗan Faransa ya shiga ranar ƙarshe ta Tour de France na 1989 da ratar daƙiƙa 50 a gaban LeMond yana fama da ciwon sirdi har zama yana yi masa wuya, aka gama LeMond ya cinye da daƙiƙa 8 kacal, akwai wasu dalilan kamar sabon salon kan keke da LeMond yayi amfani dashi amma ciwon ma yana cikin labarin. To in waɗannan da suke da likitoci a gefensu abin ya kayar dasu ina ga ni da kai.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su kawo shi, gogayya da danshi da ƙwayoyin cuta. Wandon jins ko duk wani wando mai kaurin ɗinki a tsakiya shine babban abokin gaba, domin daidai kan ɗinkin kake zaune. Kamfai na auduga kuma yana shan zufa ya riƙe ta ya naɗe ya zama kamar igiya. Wandon keke da ake yi musamman yana da ɗan matashi a tsakiya marar ɗinki kuma yana kama jiki don kada ya motsa, kuma ga abin da mutane da yawa basu sani ba, ba a saka kamfai a ƙarƙashinsa, in ka saka ka ɓata amfaninsa gaba ɗaya. Na san da yawa cikinmu bazasu iya fita da matsattsen wando ba kuma ba sai sun yi ba, ka saka shi a ciki ka ɗora wandonka mai yalwa a kai, shikenan sutura ta samu lafiya ta samu. Wanda bai samu wannan ba ya nemi gajeren wando na 'yan wasanni mai santsi mai saurin bushewa wanda ɗinkinsa baya tsakiya. Akwai man shafawa da ake yi don rage gogayya a wurin, in babu shi basilin kaɗan yana taimakawa a inda cinya take haɗuwa da jiki, ba a lafta ba.

Tsafta kuwa ba sassauci a cikinta. Wandon da aka yi tafiya dashi ba a maimaita shi sai an wanke ya bushe sarai, in tafiyar kwanaki ce a tafi da biyu ana wanke ɗaya ana saka ɗaya. Da ka sauka daga keke kada ka zauna hira da jiƙaƙƙen wando a jikinka, cire shi kayi wanka da sabulu marar ƙarfi ka goge wurin ya bushe ka saka kaya masu iska. Aske gashin wurin dab da doguwar tafiya ba dabara bace, domin fatar tana da ƙananan yanka kuma gashin da yake sake tsirowa shine yake komawa ciki ya zama ƙurji, a bada kwanaki tsakani ko a rage shi da almakashi kawai. In ƙurji ya fito a huta kwana biyu uku ba hawa, a riƙa gasa shi da tsumma mai tsafta da ruwan ɗumi, kuma dan Allah kada a matse shi.

Yadda kake tuƙin ma yana da nasa rabon. Duk minti 10 zuwa 15 ka miƙe tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙu jini ya zagaya, kada ka jira sai ka ji ciwo, lokacin an makara. In zaka hau tudu ka tashi, in ka hango rami ko gargada ka ɗaga mazaunai kaɗan gwiwoyi su shanye bugun. Ka riƙa ɗan canza wurin zama da wurin riƙo. Akwai kuma abin da mutane basa lura dashi, duk lokacin da ka gaji ka daina danna feda da ƙarfi nauyinka komawa yake kan sirdi, shi yasa ciwon yafi tsanani a ƙarshen tafiya kuma shi yasa tafiyar sannu sannu ta awa huɗu wani lokacin tafi ta sauri ta awa biyu cin mazaunai. Ƙarfafa tsokar ciki da ta baya yana taimakawa a nan domin ƙugu ya tsaya cak baya rawa. Kuma nisa a hankali ake ƙara shi, masu horarwa suna yawan cewa kada ƙarin sati ya wuce kamar kashi 10 cikin ɗari. Akwai tafiyar da ake yi a Faransa duk shekara huɗu daga Paris zuwa Brest a dawo, kilomita 1,200 cikin awa 90, kuma yawancin masu yinta ba ƙwararrun 'yan tsere bane, har da dattawa, kafin a yarda ka shiga sai ka gama ta kilomita 200 da 300 da 400 da 600 a wannan shekarar. Jikin mutum yana iya zama a kan sirdi tsawon haka in an bi dashi mataki mataki.

Taya ma a duba ta. Cika mata iska har ta zama dutse baya ƙara gudu a hanyar da ba sumul take ba, duk wani tsakuwa sai ka ji shi a ƙashin bayanka. A duba adadin da aka rubuta a gefen tayar a tsaya a cikinsa, mai ƙaramin jiki baya buƙatar kaiwa ƙarshen adadin, kuma taya mai ɗan faɗi da iska matsakaiciya tafi siririya mai tauri daɗi nesa, ko 'yan tsere da suka daɗe a kan milimita 23 yanzu yawancinsu sun koma 28 zuwa sama. Jakar goyo mai nauyi kuma duk abin da yake cikinta a kan mazaunanka yake ƙarewa, a ɗaure kaya a kariya.

Ina so in yi magana ta musamman ga mata masu hawan keke da kuma iyayen da suke saya wa 'ya'yansu mata, domin su kunyar tafi hana su faɗa. A matsakaici ƙugun mace yafi na namiji buɗewa, kuma yawancin kekunan da ake sayarwa da sirdin da aka yi shi da awon namiji suke zuwa, sai mace ta riƙa samun kumburi da zafi da salewa a gaba ta ɗauka haka keke yake. Ba haka yake ba. Awon kwalin nan ita ma ta yi shi, a nemi sirdi mai faɗin da ya dace da gajeren hanci, a ɗaga kan keken kada ya zama ƙasa da sirdi sosai, a tabbatar hancin bai ɗaga ba. In yarinya tace keken yana mata ciwo a saurare ta a gyara, kada ace ragwanci ne.

Akwai lokacin da sifana da basilin basu isa ba sai asibiti. In ƙurji yana ƙara girma yana zafi yana ja, ko ya tara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, ko sati ya wuce bai lafa ba, ko wani kullutu mai tauri ya zauna a ƙarƙashin fata baya tafiya, a je a ga likita, mai ciwon suga kuma kada ma ya jira wannan, ƙaramin rauni a wurinsa ba ƙarami bane. Haka in dindiris ɗin ya wuce awanni bayan an sauka ko ya kai washegari, ko fitsari ya fara wahala ko an ga jini a cikinsa, ko namiji ya ga canji a ƙarfinsa, a ajiye keken tukuna a je a faɗa wa likita gaskiya ƙarara harda cewa ana doguwar tafiya a keke da awa nawa ake yi, domin in baka faɗa ba, zai iya neman dalilin a wani wurin daban.

Malam Edita, roƙona gareka shine a shafinku na kiwon lafiya ku gayyato likitan mafitsara da likitar mata da kuma mai gashin ƙashi su amsa tambayoyin masu hawan keke a kan wannan, kuma a ba mutane damar turo tambaya ba tare da an buga sunansu ba, na tabbata zaku sha mamakin yawan waɗanda zasu rubuto. Masu gyaran keke kuma dan Allah in mutum ya kawo muku keke yace a ɗaura masa soso, ku fara ɗora shi a kai ku duba tsayin da karkatar tukuna.

Na gode da wannan fili da ka bani, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka mai karatu,
wani mai hawan keke